Wasiƙa Kan Karatun Ɗanmu

Katsina.

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da uwargida da yara, kuna kuma haƙuri da ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa. Mu nan sai godiyar Allah. Inna tana gaishe ka.

Saƙonka ya iso. Na yi murna ƙwarai da jin ɗanmu ya kafe sai injiniyan gine-gine zai karanta. Ka ce in gaya maka tsakani da Allah inda ya dace da shi, to ga abin da na gani.

Kafin sunan makaranta ya ruɗe ka, ka bincika ko COREN ta amince da kwas ɗin. Ita ke yi wa injiniyoyi rajista a ƙasar nan. Yaro zai kwashe shekara 5 yana digiri, in kwas ɗin bai samu amincewarta ba, zai sha wuya kafin ya riƙe hatimin da ake bugawa a kan zanen gini.

Ni dai ABU Zariya nake so masa. Tun 1962 take, kuma da wuya ka shiga ma'aikatar ayyuka a Arewa ba ka tarar da wanda harabarta ta Samaru ta yaye ba. Bayero ta Kano ma ba baya ba ce. Sai dai masu nema suna da yawa, dole ya dage da Lissafi da Fizis da Kimistiri a JAMB.

Ka yi maganar Jami'ar Sufuri ta Daura, wadda aka aza harsashinta a 2019, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina. Sabuwa ce, amma layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai kusan kilomita 284, ta Daura da Katsina da Jibiya aka tsara ya bi, kuma zai daɗe yana buƙatar masu kula da shi. A sa ta cikin lissafi.

In maki bai kai ba, kada ka bari ya zauna gida. Ga kwalejin fasaha ta Hassan Usman a nan. Ya yi difloma ta shekara 2, ya nemi shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Yaran da suka biyo ta nan sukan fi sabawa da filin aiki, kuma rashin wannan sabon shi ne abin da ya fi damuna. Kullum ina ganin lebura yana ƙara wa kankare ruwa don shebur ya yi masa sauƙi, alhali hakan na rage wa kankaren ƙarfi. Wanda ya taɓa zuba kankare a ƙaramin akwatin ƙarfe, ya jiƙa shi a ruwa kwana 28, ya ga injin gwaji ya murƙushe shi, shi ne zai iya tsayawa gaban ɗan kwangila ya ce a'a. Don haka duk makarantar da kuka zaɓa, a je a leƙa ɗakin gwajinta tukuna. Ka tuna ambaliyar Jibiya ta 2018 da rayukan da aka rasa. Garuruwanmu na buƙatar waɗanda suka san lissafin kwalbati da magudanar ruwa.

Ka turo mini shi da hutun nan ya riƙa bi na wurin aiki, ya ga yadda ake ɗaura rodi. Ya taho da sakamakon WAEC ɗinsa, sai mu leƙa Zariya tare.

Ka gaida mutan gida.

Naka amini.