Ba kowane tsiro a dubura ne basir ba

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in yi magana kan abin da kunya ta hana mu ambata ko a cikin asibiti.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen da masu ɗauke da ƙwayar HIV ke karɓar magani. Alhamdulillahi maganin yana aiki, waɗanda a da aka kawo mana su ranga-ranga yau suna aurar da 'ya'yansu. To amma akwai cutar da ke labe musu, wato sankarar dubura. Ƙwayar HPV ce ke haddasa mafi yawanta, ita ɗin dai da ke jawo sankarar bakin mahaifa, kuma ta fi samun gindin zama a jikin wanda garkuwarsa ta taɓa yin rauni. Ba ta bar maza ba, ba ta bar mata ba. Kafin ta zama sankara, fatar wurin takan yi shekaru tana sauyawa, sau da yawa ba zafi ba jini.

A wannan matakin ne ake iya tare ta. A 2022 aka wallafa sakamakon binciken ANCHOR, wanda Dakta Joel Palefsky ya jagoranta a Amurka. Mutum 4,446 masu HIV, 'yan shekara 35 zuwa sama, da aka tabbatar fatar duburarsu ta fara lalacewa, aka raba su gida biyu. Waɗanda aka yi wa magani nan take, 9 ne suka kamu da sankara. Waɗanda aka bari ana sa musu ido kawai, 21. Haɗarin ya ragu da kashi 57 cikin ɗari ke nan. Akasarinsu ba tiyata aka yi musu ba, ƙone wurin aka yi da ɗan ƙarfe mai lantarki a ɗakin likita, suka koma gida a ranar.

Mu kuwa a nan, komai ya fito a wurin sai a ce basir ne. Wata baiwar Allah da ba ta taɓa fashin karɓar maganinta ba ta daɗe tana ganin jini, tana sayen jiƙo a wurin masu tallan magani da lasifika a mota. Ranar da na lura ba ta iya zama daidai a kan benci, na ja ta gefe. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Sista, ai mai tsiro ne, gadonsa muka yi." Ba basir ba ne. Abin da ke ci mini rai shi ne, duk zuwan da take yi muna auna nauyinta da jininta, amma ba wanda ya taɓa tambayar ta wannan.

Ina kira ga hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta ƙasa, wato NACA, da asibitocin koyarwa su horar da likitoci kan duba dubura da madubin ƙara girma, su kuma samar da na'urar. Kafin nan, safar hannu da yatsa na iya gano ƙulli tun yana ƙarami, a sa wannan cikin dubawar shekara-shekara, mace ta duba mace, namiji ya duba namiji. Iyaye kuma su kai 'yan mata rigakafin HPV da Najeriya ta fara yi wa masu shekara 9 zuwa 14 kyauta a Oktoban 2023.

Mai shan maganin HIV da ya ga jini, ko ƙulli, ko ƙaiƙayin da ya ƙi tafiya, don Allah ya faɗa mana a zuwansa na gaba.

Daga wata ma'aikaciyar jinya, Kano.