Tsohon cocin ƙauyen Escomb ya cancanci a san shi

Malam Edita,

Barka da aiki. Ina roƙon ɗan fili in ba masu karatu labarin wani gini da ya burge ni ƙwarai: cocin ƙauyen Escomb, kusa da Bishop Auckland a arewacin Ingila.

An gina shi wajen shekarar 675, zamanin Anglo-Sakson, wato mutanen da ke mulkin Ingila a lokacin, kuma har yau ana ibada a ciki. Ɗan ƙarami ne, siriri mai tsayin bango, tagoginsa na asali ƙanana ne can sama, masu faɗi daga ciki don haske ya bazu. Maginan sun kwaso yawancin duwatsun ne daga kangon sansanin Rumawa na Binchester da ke kusa. A bangon arewa akwai dutse mai rubutun LEG VI, wato runduna ta shida, amma an ɗora shi a kife. Da alama maginin bai damu da rubutun ba, dutse mai kyau kawai yake nema. A bangon kudu kuma akwai agogon rana da aka sassaƙa, wanda ke nuna lokaci ta hanyar inuwa.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne, a 1863 an gina sabon coci mafi girma, aka yi watsi da wannan har rufinsa ya lalace. Sai wajen 1880 aka gyara shi. Sabon kuwa bai yi ƙarko ba, an rushe shi a 1971, jama'ar ƙauyen suka ci gaba da ibada a tsohon.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Durham