Rahoton Ayyukan Shekara: Aikin Tsaftace Rubutu da Flex

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Aikin da ya fi cin lokacinmu a bana shi ne tsaftace tarin rubutun Hausa da kuka yi ta turo wa ƙungiya: labarai, karin magana, da shafukan ƙamus da wasunku suka zauna suka buga da hannu. Kusan duk fayil ɗin da muka buɗe, ciwon iri ɗaya ne. Tazara biyu ko uku tsakanin kalmomi, sarari a ƙarshen layi wanda ido ba ya gani, ga kuma alamar \r da Windows ke barin ta a bakin kowane layi.

Kwamitin fasaha ya zaɓi flex, wani shirin kwamfuta na tantance rubutu, wanda Vern Paxson ya samar wajen 1987 a matsayin magajin lex ɗin da Mike Lesk da Eric Schmidt suka rubuta a Bell Labs a 1975. Kai dai ka ba shi ƙa'idoji, shi kuma ya fitar maka da shirin kwamfuta a yaren C. Namu ba su da yawa: [ \t\r]+$ (wato sarari ko \r a ƙarshen layi) a share gaba ɗaya, [ \t]+ (wato tazara a jere) a mayar da ita tazara guda. Abin da bai faɗa cikin wata ƙa'ida ba, flex yakan fitar da shi yadda ya same shi, shi ya sa ɓ da ɗ da ƙ suka wuce lafiya lau.

Inda muka yi tuntuɓe shi ne tazarar da ba ta karya layi, wadda ke biyo rubutun da aka kwafo daga intanet. Muka sa a share \xA0 kawai, wato ƙarshen lambar wannan tazara. Ashe flex bayit-bayit yake karatu (bayit shi ne ƙaramar lambar da kwamfuta ke ajiye rubutu da ita), kuma a UTF-8, tsarin ajiye haruffa a kwamfuta, harafin à shi ne C3 A0. Sai muka gutsure rabin kowane à a shafukan ƙamus, inda ake sa alamar karin sauti. Wata 'yar uwa ce ta gano, tana duba shafi ta ga shirme a wurin kalmomin da ta buga da kanta. Abin ya yi mana ciwo ƙwarai, kuma laifin namu ne na kwamiti. Allah ya sa muna da ainihin fayilolin a ajiye. Muka gyara ƙa'idar ta zama \xC2\xA0, wato cikakkiyar lambar tazarar, muka sake aikin daga farko. Yanzu ba ma rubutu a kan fayil na asali, kuma sai an kwatanta tsoho da sabo da diff, shirin da ke nuna bambancin fayiloli, kafin a amince.

Mun kuma yi zaman koyarwa ga sababbin membobi, kowa ya rubuta nasa ɗan fayil ɗin flex ya gwada.

A baɗi, in sha Allahu, za mu daidaita alamar da ke cikin 'y, domin kowa da irin wadda yake bugawa. Masu sauran shafukan ƙamus, don Allah ku miƙa su ga sakatare.