Ku bar motar nan da tsoronta

Assalamu alaikum, Edita.

Raina ya ɓaci da shirinku na ranar Lahadi, inda baƙon naku ya yi ta dariya wai motar da ba direba matsoraciya ce, kuma maganin cunkoson da take haddasawa shi ne a koya mata kutse irin na mutane. Mai gabatarwa ma har da taya shi. Haba!

Shekara tara ke nan ina tuƙin tasi a San Francisco, kullum tare muke da motocin nan a titi, kuma na san haushinsu. Na taɓa maƙalewa a bayan ɗaya a wata siririyar hanya, motar kaya ta tare rabin titi, ita kuma ta tsaya cak da sigina a kunne, ta ƙi tsallaka layin tsakiya. Fasinjana yana ta duba agogo kar jirgi ya tashi ya bar shi, na bayanmu suna ta danna hon. Na yi tsaki har na gaji.

Amma wata rana da yamma ana yayyafi, ɗaya ta taka birki a gabana alhali danja ta ba mu hannu. Har na kai hannu kan hon, sai ga yarinya da jakar makaranta ta ɓullo daga bayan wata mota da aka faka, kanta a sunkuye tana latsa waya. Wallahi ni ban gan ta ba. Da ni ne a gaba fa? Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Kutsen da baƙonku yake so ai an gwada shi. Kamfanin motoci na Tesla ya taɓa sa wa manhajarsa mai tuƙa mota dabarar sulalewa a alamar tsayawa ba tare da an tsaya cak ba, irin yadda direbobi da yawa suke yi. A 2022 hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta sa aka cire ta daga motoci kusan 54,000. A 2016 kuma motar Google da ke tuƙa kanta ta gogi bas a garin Mountain View na jihar California saboda ta ɗauka direban zai ba ta hanya. Wannan "ai zai ba ni hanya" shi yake ta cinye mu direbobi, shi ne kuma kuke so a koya wa inji?

Sannan don Allah ku rage kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin hira. A cikin mota nake sauraronku, rabin maganar ba na ji.

Mai sauraronku,
daga San Francisco, Amurka