Wasiƙa ga Iyaye kan Darasin Tattalin Arziki a Aji Biyar da Aji Shida

Assalamu alaikum, ya ku iyaye da masu riƙon ɗalibanmu. Muna yi muku fatan alheri, tare da godiya bisa haɗin kan da kuke ba makaranta.

Wasiƙar wannan zango ta shafi darasin tattalin arziki ne, wanda mafi yawan 'yan aji biyar da aji shida suke ɗauka, har da wasu 'yan ɓangaren kimiyya. Malaman darasin sun lura cewa ɗalibai da dama suna ɗaukarsa a matsayin darasin hadda, wurin fakewa ga wanda yake gudun lissafi, kuma ba sa gane kuskurensu sai ranar da takardar jarrabawa ta zo gabansu. A jarrabawar WAEC takardu biyu ake rubutawa. Ta farko tambayoyi 50 ne na zaɓin amsa, ta biyu kuwa ta rubutu ce, kuma ɓangarenta na farko jadawali ne na alƙaluma ko zanen giraf da za a ba ɗalibi ya lissafa, ya kuma fassara abin da lissafin ya nuna. Yaron da ya haddace ma'anar hauhawar farashi tiryan-tiryan, amma bai iya fitar da kashi cikin ɗari ba, a nan zai zubar da maki masu yawa.

Haka lamarin yake wajen neman gurbi. Duk mai son karanta tattalin arziki a Jami'ar Jihar Gombe, ko Jami'ar Tarayya ta Kashere, ko wata jami'a, ana buƙatar ya samu kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi da shi kansa tattalin arzikin, sannan a JAMB ma sai ya rubuta lissafi. Saboda haka duk ɗalibin da yake da rauni a lissafi, tun a aji biyar ya kamata a tallafa masa, domin idan aka bari sai aji shida, lokaci ya riga ya ƙure.

Babban dalilin rubuto muku shi ne, yawancin abin da muke koyarwa a allo yana faruwa ne a gidajenku, da gonakinku, da rumfunanku na kasuwa. Yaran nan sun ga ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira a farkon 2023. Sun ga yadda kuɗin mota da na kayan masarufi suka tashi bayan an sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, sun kuma ji lokacin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Mahaifin da yake sarin hatsi a Tudun Hatsi ya san dalilin da ya sa buhun masara yake sauka da kaka, ya tashi idan damina ta kankama rumbuna sun yi ƙasa, kuma wannan shi ne babin buƙata da wadatar kaya da ɗansa yake wahalar haddacewa da Turanci. Manomin rani a Dadin Kowa, wanda yake auna ko ya shuka shinkafa ko tumatir a fili ɗaya, ya riga littafi sanin cewa duk abin da mutum ya zaɓa, akwai wanda ya haƙura da shi. Uwar da take adashi ko take juya jari a cikin gida tana da abin faɗa a kan tanadi da riba da faɗuwa. Abin takaici ne a ce wannan ilimi yana cikin gida, amma yaro bai taɓa jin sa daga bakin iyayensa ba.

Don haka muka ba kowane ɗalibi aiki na tsawon zango. Zai ware ƙaramin littafi, ya riƙa rubuta farashin mudun masara, da na wake, da na shinkafa, da litar man fetur, sau ɗaya a mako, a kasuwa ɗaya, kuma da ma'auni ɗaya. A ƙarshen zango zai zana giraf, ya lissafa sauyin da aka samu, ya yi bayanin dalili. Muna roƙon ku da ku ba shi damar tambaya, ku kuma gaya masa gaskiyar farashi. Ɗalibai mata da ba su cika zuwa kasuwa ba, muna fatan iyaye maza da yayye za su riƙa kawo musu farashin, domin aikin yana da maki, kuma ba ma so a bar su a baya.

Wasu iyaye sun tambaye mu game da babin bankuna da kuɗin ruwa. Manhaja ta tanadi ɗalibi ya san aikin Babban Bankin Najeriya, wanda ya fara aiki a 1959, da yadda bankunan kasuwanci suke ba da rance, kuma malamanmu suna haɗawa da bayanin bankin da ba ya mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya buɗe a 2012.

Kowane ɗalibi yana buƙatar littafin darasi, da littafin giraf, da kwalkuleta, da kundin tambayoyin shekarun baya na WAEC da NECO. 'Yan aji shida za su riƙa tsayawa darasin yamma bayan tashi, don haka muna roƙon masu shaguna da gonaki su rage musu aiki har a kammala jarrabawa. Duk mai son ganin malamin darasin yana iya zuwa ofishin mataimakin shugaban makaranta a ranakun aiki, kuma za mu ƙara tattauna batun a taron iyaye da malamai mai zuwa.

Wassalam.

Shugaban Makaranta,
a madadin malaman sashen tattalin arziki