Wasiƙa zuwa ga Yaya a Argungu

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Ya ƙafar Inna, kumburin ya saɓe? Ni lafiya lau, sai ɗan sanyi, shi ma an saba.

Na turo fam 200 ta hanyar da muka saba. Ka fara cire kuɗin maganin Inna, abin da ya rage duk na gyaran injin ban ruwan Baba ne. Na gyaran inji ne, Yaya, kada a taɓa shi don wani biki.

Sai maganar hoton nan nawa a gaban jirgin sama. Kawu ya kira ni shekaranjiya yana sa mini albarka, wai duk unguwa an ji na samu aiki a kamfanin jirgin sama, har yana tuna mini rufin ɗakinsa. Wallahi ba haka ba ne. Ina nan gidan kula da tsofaffin da ka sani, aikin dare. Inda na tsaya aka ɗauke ni hoton, gidan tarihin sojan saman Ingila ne, a Hendon, arewacin Landan. Ba a biyan ko kwabo a ƙofa, kuɗin jirgin ƙasa kaɗai na kashe. Kuma jiragen da ke ciki babu mai tashi, duk tsofaffi ne da aka tattaro aka gyara aka adana. Don Allah ka yi wa Kawu bayani cikin lalama, ba na so ya ga kamar rowa nake yi.

Amma fa na ga abin da ya tsaya mini a rai. Akwai wani babba mai inji huɗu, Lancaster, da ya fita kai hari sau 137 a yaƙin duniya na biyu. Nan mutane suka yi dafifi. Ni kuwa wani ƙarami ne ya riƙe ni, DH.9A, mai fukafukai biyu sama da ƙasa, mazaunin mutum biyu, ba rufi. Fukafukan katako ne aka lulluɓe da ƙyalle, aka ɗaure da wayoyi. Yaya, irinsa guda uku ne suka taso daga Masar suka sauka Kano a 1925, lokacin ko Kaka ba a haifa ba. Ka tuna yadda muka riƙe baki a filin jirgin Ambursa ranar da jirgin alhazai ya tashi da Gwaggo? To, wannan kakansa ne.

Shi wannan na Hendon Jamusawa ne suka kama shi a 1918, aka kai shi Balin, daga baya ya tsinci kansa a ƙasar Folan, ba fukafukai, gangar jiki kawai. Sai a 1977 Ingila ta ba da jirgin Spitfire aka yi musaya aka dawo da shi, masu gyara suka zauna suka sake ƙera abin da ya ɓace. Na daɗe tsaye gabansa, injin Baba kawai nake gani.

Shi ya sa raina ya ɓaci da na ji Auta ya kira 'yan gwangwan sun zo sun yi wa injin kuɗi. Da injin nan Baba ya yi ta noman shinkafar rani a fadama har ya biya mini makaranta. A ɗora shi a sikeli kamar ruɓaɓɓen kwano? Ban yarda ba. Ka gaya wa Auta ni na ce, in ya sake kawo maganar, babu ruwana da kuɗin babur ɗin da yake nema.

Na san da sauƙi in yi faɗa daga nesa. Ku kuka yi jinyar Baba, ku kuka kai shi makwancinsa, ni ina nan ina juya iyayen wasu a gado. Ka yafe mini in na ɗaga murya.

Ka kai injin wajen bakaniken da Baba ke kai wa, ya buɗe shi a gabanka. In zobe ne ko fistin, a sayi sabo, kada a sa na hannu. In kuɗin bai kai ba ka faɗa mini, zan ƙara kwanan aiki a watan nan. A gama kafin lokacin dashe. Kuma kada a sayar, Yaya, ko nawa aka taya.

Ka gaishe da Inna, ta ci gaba da sa ni a addu'a. In an tayar da injin ka ɗauko mini ƙararsa a waya in ji.

Ƙaninka.