Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Katsina: Muna Buƙatar Littafin Doka Da Hausa

Mai girma Gwamna, Malam Dikko Umaru Raɗɗa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, na san abin da ke gabanka yana da yawa, musamman matsalar tsaro, har wani zai ga maganar littafi ba ta kai a kawo maka ba. Ni lauya ne a nan birnin Katsina, kuma a wurina ta kai. Roƙona shi ne gwamnatinka ta ɗauki nauyin rubuta littafin koyar da doka da Hausa, wanda zai haɗa dokokin Najeriya da na jiharmu da alƙawuran da ƙasar nan ta sa wa hannu a kan haƙƙin ɗan Adam.

Littattafan wannan fanni da muke amfani da su da Turanci suke, ga tsada. Ɗalibin doka a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa zai iya daurewa ya karanta su. To ina magatakardan kotu a Jibiya, da mai unguwa a Mashi, da ɗan Hisba a Daura? Su ne talaka yake fara cin karo da su idan magana ta taso, tun kafin ya ga lauya, in ma zai gan shi.

Rashin irin wannan littafi ya raba mutanenmu gida biyu. Wasu na zaton duk takardar da ta fito daga Majalisar Ɗinkin Duniya doka ce a kanmu. Wasu kuma da sun ji an ce haƙƙin ɗan Adam sai su ce makircin Turawa ne. Dukansu ba su san da sashe na 12 na Tsarin Mulkin 1999 ba, wanda ya ce yarjejeniyar da Najeriya ta ƙulla da ƙasashen waje ba ta da ƙarfin doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka, wadda aka amince da ita a Nairobi a 1981, ta bi wannan hanya tun 1983. Shi ya sa a shekarar 2000, a shari'ar Abacha da Fawehinmi, Kotun Ƙoli ta ce dokar ƙasa ce da kotunanmu za su yi aiki da ita, amma Tsarin Mulki yana samanta. Yarjejeniyar hana nuna wa mata bambanci kuwa, wadda Najeriya ta shiga a 1985, har yau ba a mayar da ita dokar cikin gida ba. Ita ma dokar haƙƙin yara ta 2003, sai da kowace jiha ta zauna ta yi tata. Wanda ya san wannan bambanci ba a ruɗa shi, ba a kuma tsorata shi.

Abin da ya fi ci mini rai, ranka ya daɗe, shi ne haƙƙoƙin da babu gardama a kansu, suna nan rubuce a babi na huɗu na Tsarin Mulki, amma masu su ba su sani ba. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, a kai shi gabanta cikin kwana ɗaya. Sashe na 36 ya ba shi tafinta kyauta. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, dokar 2017 kuma ta mayar da azabtar da tsararre laifi. A wannan lokaci na kame-kame saboda 'yan bindiga, waɗannan sassa su ne garkuwar manomin da aka yi kuskuren haɗawa da masu laifi. Jami'in da ya san su ma ya huta, domin shari'ar da ya gina bisa ƙa'ida ba ta rushewa a kotun ɗaukaka ƙara.

Akwai kuma babin da babu wanda ya fi mu cancantar rubuta shi. Ka tuna shari'ar Amina Lawal da aka yanke wa hukuncin jefewa bisa zargin zina, shari'ar da ta faro daga kotun Bakori a 2002, wadda duniya ta yi ta surutu a kanta. Da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta soke hukuncin a watan Satumba na 2003, da hujjojin fiƙihun Malikiyya da dokar jiha ta yi: damar janye iƙirari, da batun kwantaccen ciki, da rashin cikar adadin alƙalan da ya kamata su zauna. Ɗalibanmu ya kamata su karanta wannan hukunci daga alƙalamin malamanmu, su ga yadda Shari'a take kare wanda ake tuhuma da ƙa'idojinta. Idan muka bar wasu suka rubuta mana, za su ce matsin lambar waje ce ta yi aiki, kuma 'ya'yanmu za su yarda tunda abin da suka samu ke nan.

Kada littafin ya ɓoye wuraren da ake da saɓani. Maganar shekarun aure da ta hukuncin haddi suna nan, a kawo abin da yarjejeniya ta ce, da abin da Tsarin Mulki ya ce, da abin da malamai suka ce, kowanne da hujjarsa. Garin da ya gaji Gobarau, inda har yanzu ake karanta Risala da Muhtasar a zaure ana fassarawa da Hausa, ba zai kasa ɗaukar irin wannan bayani ba.

Masu aikin suna nan a gida. Ma'aikatar Shari'a ta jagoranta, ta gayyato malaman tsangayar doka, da ofishin Alƙalin Alƙalai, da ƙungiyar lauyoyi, da masana Hausa waɗanda za su tabbatar magatakarda ya fahimci kowane layi. A buga shi da araha, a ajiye kwafi a kowace kotu da ofishin hakimi, a sa shi kyauta a intanet, a kuma riƙa karanta shi babi-babi a gidan rediyon jiha domin waɗanda ba sa karatun boko.

Ina roƙonka ka umarci Ma'aikatar Shari'a ta kafa kwamitin marubutan, a kuma ware wa aikin kuɗi a kasafin shekara mai zuwa. Allah ya taimake ka, ya ba jiharmu zaman lafiya.

Naka mai biyayya,
Wani lauya daga birnin Katsina